Haruffa Uku a Bangon Gidanmu

A shekarun nan da ake dogon layin mai, maigidana ya yanke shawarar mu sayar da gidanmu na Yerimaram mu koma Fika. Ƙafarsa ta gaji da zirga-zirgar kasuwar shanu, kuma akwai wata gona dab da ta mahaifinsa wadda mai ita ya ce zai ajiye masa zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka ba mu zo ba, zai ba wani. Gidan kuwa shi kaɗai muka mallaka.

A ranin nan maƙwabtanmu, Kanawa masu shagon atamfa, su ma suka sa nasu a kasuwa. Ɗansu na sakandare ya zo hutu ya yi ɗan gajeren rubutun Turanci da jan fenti a bangon waje. Ba a yi sati biyu ba aka saya.

Na yi wa matar barka, amma abin ya tsaya mini a rai. Gidansu ɗaki uku ne, kwata a bakin ƙofa, ba rijiya. Shekara bakwai a tsakar gidana take jan ruwa. Namu ɗaki huɗu, ga rijiya mai daɗin ruwa, ga tsamiya da ke rufe rabin gidan da inuwa. Ranar da suke kwashe kaya zuwa Ngojin ta leƙo ta ce, "Maman 'yan biyu, ku dai kuna nan kuna gadin unguwa?"

Na ce, "Muna nan, Hajiya. Kowa da ranarsa."

"Ko in bar miki ragowar fentin? Wataƙila akwai sa'a a gindin gwangwanin."

Ta faɗa da dariya, ni kuwa na karɓa. Zuciyata ta riga ta gaya mini rubutun nan ne ya sayar musu da gida.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, na iya karanta Hausa, hannuna kuma ya fi na kowa kyau a ajin. Turanci ne ban sani ba. Kafin in kwafi na bangonsu, wanda ya sayi gidan ya shafe shi da farar ƙasa. Da na ce ɗanta ya rubuta mana, da an gama, amma ban so ta ce har rubutun sai da suka yi mana. A hanyar kasuwa akwai wani gidan bene da na ga irin rubutun a jikinsa, ƙarshensa daidai da nasu, sai dai ya fi tsawo. Na ce to, na masu bene ai ya fi na masu atamfa. Na tsaya da fensir na kwafe shi harafi bayan harafi a bayan littafina, na dawo na zana a bangonmu da tsinken kara. Maigidana, wanda ajami kawai yake karantawa, ya ja baya ya duba ya ce, "Makarantar nan ta fara amfani."

Dillali ya riƙa kawo mutane. Ina jin tsayuwar babur, in leƙa ta kafar ƙyaure, in ga sun tsaya sun dubi bango, sun dubi juna. Wasu su shigo su zaga sama-sama don kara, wasu ko zaure ba sa takawa. Kowa ya ce za a ji shi, shiru.

Muka shiga neman laifin gidan. Aka ce lungun ne mota ba ta shiga, alhali lungu ɗaya muke da na Hajiya. Aka ce rufin kicin ya tsufa, muka sake kwano. Hajiya kan zo gaisuwa ta ba ni labarin famfon sabon gidansu, ni ina zuba mata kunu ina cewa madalla, in ta fita in kasa cin abinci.

Bayan wata biyu da rabi, dillalin ya zauna a zaure ya ce wa maigidana, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Cewa suke gidan da magana."

"Wace magana?"

"Ba sa faɗa. Kowa sai ya ce mini, kai dai gidan nan da magana."

Dillalin ma ba ya karanta boko. A wajenmu kuwa in an ce gida da magana, ga tsamiya a tsakiyarsa, ba sai an ƙarasa ba, mutanen ɓoye ake nufi. Maigidana ya kira masu gatari. A gindin tsamiyar nan na yaye 'ya'yana duka, da 'ya'yanta nake kunun azumi. Na tsaya a ƙofar kicin har ta faɗi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da malamar ajinmu ta zo duba ni, don na yi sati uku ban je ba. Tun daga zaure ta ce, "Yaya, ashe kun fasa tafiya? Na ji daɗi."

Na ce ba mu fasa ba, mai saye ne babu.

Ta kama hannuna muka fito waje. Ta ɗora yatsa a kan wata kalma mai haruffa uku a tsakiyar rubutun ta ce, "Wannan ce. Ita ta sa ma'anar rubutun ta zama gidan nan ba na sayarwa ba ne. Masu gida suna rubuta shi don 'yan damfara, ko in ana rigimar gado. Wane maƙiyin ne ya yi muku haka?"

Na ce, "Malama, duba hannun da kyau."

Ta duba. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Amma fa haruffan sun miƙe."

Da wuƙar kicin na kankare su, su ukun. Da maigidana ya dawo na durƙusa na gaya masa komai, har da dalilin da ya hana ni tambayar ɗan Hajiya. Ya daɗe yana kallon kututturen tsamiyar, sannan ya ce, "Ashe maganar a waje take, muka sare ta ciki."

Gidan ya sayu, amma bayan an yi ruwa biyu. Ko da muka isa Fika, geron wani ya tsiro a gonar. Shekarar nan aron gona muka yi can nesa da gari.

Ranar tashinmu Hajiya ta zo rakiya. Ta tsaya a tsakar gida cikin rana ta ce, "Ni kam tsamiyar nan nake tausayi. Shekara bakwai ina cewa ina ma a gidana take."

Na miƙa mata gwangwanin fentinta na ce akwai saura.