Baba da Mai Shan Jini

Shekarar da na fara koyarwa a lakwal ɗin Dakoro, ba a jima da samun mulkin kai ba, na raka mahaifina Maradi kai gyaɗa. Wani mushe, wato malami, abokin aikina, mai karanta jaridun Faransa, ya daɗe yana cika mini kunne da labarin wani fim na mai shan jini. Ya ce masana a can sun yabe shi ƙwarai. Da muka isa sai na tarar ana nuna shi.

Bayan an gama awo mun yi magariba, na ce, "Baba, ko za mu leƙa silima?"

Ya ce, "Abin nan da ake ganin mutane a bango? Mu tahi, ai gani ya kori ji."

Fili ne ba rufi, an jera bencina. Muka zauna, ina fassara masa a kunne. Wani Bature ne dogo, koɗaɗɗe, cikin baƙin mayafi, shi kaɗai a wani makeken gidan dutse da yanar gizo ta cinye. Da rana ya kwanta cikin akwatin gawa, in duhu ya yi ya fito neman wuyan mutane. Da ya buɗe baki fiƙoƙi suka bayyana, wani a bayanmu ya saki salati, ni kuma na ƙanƙame benci. Baba kuwa goronsa yake ci.

Can ya taɓo ni. "Ina danginshi?"

"Ba shi da kowa, Baba. Ai ya daɗe da mutuwa."

"To wa ya yi mashi wanka? Wa ya sallace shi?"

Na ce ba su nuna ba. Ya ci gaba da cin goronsa har aka tashi.

Kashegari muna bisa kamiyo, babbar motar kaya, mun wuce Kornaka, ya ce, "Gida kamar gari, amma babu mai ce maka ina kwana. Ko ni ne, sai in fara cizon mutane." 'Yan mota suka yi dariya, shi bai yi ba.

A bayan unguwarmu akwai wani tsoho mai saƙar tabarma, wanda tun rasuwar wata jaririya aka ɗora masa maita. Ba a zama wurinsa, tabarmarsa ma sai baƙi ke saya. Ranar Juma'a bayan dawowarmu, Baba ya sa Inna ta dama fura, ya ɗauki ƙwaryar da kansa.

Inna ta ce, "Malam, ka san abin da ake faɗa."

"Na sani. Shekara da shekaru ina jin shi, ban taɓa ganin komi ba."

Ya je ya zauna, suka sha a ludayi ɗaya. Da farko tsohon ko ɗaga kai ba ya yi, daga baya har tsokanar Baba yake kan dara. Haka suka ci gaba kowace Juma'a. Wasu maƙwabta suka ja baya da gidanmu na ɗan lokaci, sannan suka gaji suka dawo.

Da tsohon ya rasu cikin wata damina, Baba ne ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Mu kaɗan muka fito da makara. Muna isa bakin masallaci liman ya fito, dattawan da ke zaune a inuwa suka dubi juna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka shiga sahu.