Mutumin da Ya Tsufa Yana Karo da Bango

Kullum da safe yayana yakan goge takalminsa, ya saka riga mai guga, ya rataya jaka kamar mai zuwa kotu. Yana isa wurin aiki sai ya wuce ɗakin masu zane, ya wuce na masu rubuta manhaja, ya shige wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Babu taga a ciki, sai babban allon talabijin da wata kujera da ta lotsa daidai jikinsa. Ya ɗauki rimot ɗin wasa ya kunna. Wani jarumi ya bayyana da takobi a hannu, ga dodanni can gaba suna jiransa. Yayana ko kallon dodannin ba ya yi. Sai ya juya jarumin nan ya nufi bango da shi, ya ƙuma. Ya matsa gefe kaɗan, ya sake ƙumawa. Haka zai yi ta yi har lokacin tashi.

Aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ke nan, a wani kamfani mai ƙera wasannin bidiyo, kuma a watan nan ya ajiye shi. Abokan aikinsa suna kiransa Baba Bango. Mu 'yan gida kuwa mun daɗe ba mu san me za mu kira shi ba.

Sunan aikin wai mai gwaji. Ya sha yi mana bayani har bakinsa ya gaji.

"Kafin a fitar da wasa kasuwa, dole wani ya bi shi lungu-lungu ya nemo inda ya ɓare," in ji shi.

Matarsa ta ce, "Wato kai kake gyarawa?"

"A'a, ni nemowa nake yi."

"To kai kake ɓatawa ke nan?"

"A ɓace yake, ba a dai sani ba."

"In ba a sani ba, wa ya dama?"

A nan hirar take tsayawa kullum, shi ya sosa ƙeya, ita ta koma kicin tana girgiza kai. Ranar da malamar makaranta ta tambayi 'yarsu sana'ar babanta, yarinya ta ce gem yake bugawa daga safe zuwa yamma. Malama ta aiko a gaishe da uwar, a ce mata Allah ya ba ta haƙuri. Tun daga ranar, in mata suka tambaye ta, sai ta ce aikin kwamfuta yake yi, ta yi sauri ta sako wani zancen. Abin yana ci mata rai, shi ma ya sani. Ga shi halin aikin ya biyo shi gida: in aka sayo fanka, sai ya danna maɓallanta duka a lokaci guda ya tsaya yana jiran ya ga me zai faru.

Amma waɗanda suka zauna da shi a wurin aiki ba su ruɗe kamarmu ba. Wani mai zane ya ba ni labarin wasan da suka yi wa wahala shekara da shekaru. Saura kaɗan a fitar, an riga an yi talla, 'yan kasuwa suna jira. Sai Baba Bango ya gano cewa in jarumi ya ɗauki kujera ya sauko matakala da baya, duk nisan da ɗan wasa ya yi sai ya goge. Na ce, to wane mahaukaci ne zai sauko matakala da baya riƙe da kujera? Mai zanen ya yi dariya ya ce, "In mutanen duniya suka sayi wasa, wallahi a ranar farko wani zai yi. Kafin yamma ya ɗora a intanet, washegari kowa na neman a karɓi kayansa." Manajan kamfanin da kansa ya faɗa min cewa a ranar ya ji kamar ya shaƙe Baba Bango, don sai da aka ɗaga ranar fitarwa. Ya ce yau kuwa duk sanda ya ga matakala sai ya yi masa addu'a.

Kai ne, Yaya, mai kawo labarin da ba wanda ke son ji, kuma ka kawo shi da sallama. Kai ne kake ce wa yaro ɗan ɗagawa aikinsa ya huje, ba tare da ka sa ya sunkuyar da kai ba. Mutane sun ci dodanni, sun yi ihu a falo, sun tsokani ƙannensu, ba wanda ya san akwai wani dattijo da ya riga su taka kowace kusurwa don kada ƙasa ta rufta da su.

Da aka sa ranar yi masa ban kwana, matarsa ta ce ba za ta je ba.

"Me zan je gani, Baban yara? A ce an karrama ka da me? In ka kawo min abu ɗaya da zan nuna in ce mijina ne ya yi, sai in je."

Shi kuwa ba shi da abin nunawa. Ya same ni ya ce, "Zan bar aikin nan matata ba ta taɓa yarda na yi aiki ba." Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba. Ni na kai maganar ga shugabar masu manhaja, wata matashiya da ya horar a wurin tun tana sabuwa. Ta ce a kawo Mama kawai, wato matar yayana. Da lallashi da magiya muka sako ta a mota.

Bayan jawabai, shugabar ta zaunar da ita a lotsattsiyar kujerar nan, ta damƙa mata rimot. Ta kunna mata ɗanyen wasa, yadda yake kafin ya biyo ta hannun Baba Bango. Matar da ba ta taɓa riƙe abin ba ta danna duk inda yatsanta ya faɗa. Jarumi ya yi tangaɗi ya daki bango, sai ya shige ciki ya ɓulla ta baya, ya faɗa wani sarari shuɗi marar ƙasa, yana ta faɗuwa ba ya isa.

"Innalillahi! Ina zai je? Ku tare shi mana!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Shugabar ta sauya mata da wanda aka fitar kasuwa, ta ce ta sake. Ta daki bangon, bango ya tsaya. Ta koma kusurwa ta ƙuma, ta yi tsalle a kan tebur, ta shiga bayan ƙofa. Shiru.

"To ai ba abin da ya faru," in ji ta.

"Shi ne aikin Baba, Mama."

Ta dubi allo, ta dubi mijinta, fuskarta a yamutse. "Amma ai na farkon ya fi ban dariya. Kai ka hana shi?" Yayana ya runtse ido. Na ce a raina shi ke nan, mun ƙara dagula lissafi.

Ba ta tashi ba dai. Ta ci gaba da tura jarumin yana bin gindin bango a hankali, lungu bayan lungu. Can sai ta ajiye rimot a cinya.

"Tsaya. Lokacin da yaran nan suke rarrafe, kullum kafin su tashi sai na bi falo da tafin hannu ina lalube, ko allura ta faɗi, ko ƙwayar magani. Ba wanda ya taɓa ce min sannu, don ba wanda ya taɓa taka komai." Ta juyo gare shi, muryarta ta sauya. "Ashe shara kake yi, Baban yara? Duk shekarun nan? Ai da ka ce min shara ce, da tuni na gane."

Yayana ya buɗe baki zai yi gyara irin nasa, sai ya fasa. Ya ce, "Shara ce." Ya juya yana goge gilashinsa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ni har yanzu ban gane yadda bangon da ba a gina da bulo ba yake hujewa ba, kuma na haƙura. Abin da na gane ya ishe ni in ce: mun gode, Yaya. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma matasa masu rububin shiga harkar nan, kowa yana son ya zana dodo a san da shi, a samu wasu a cikinku su karɓi kujerar Baba Bango, don bangon bai ƙare ba.

Jiya na je gidan yayana, na tarar sun sayi sabon injin wanki, yana tsaye a kansa yana danna maɓallai biyu a tare. Maƙwabciya ta leƙo ta ce zai lalata musu kaya. Matarsa ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙyale shi, aikinsa ne."