Ɗakin da Ba a Fesa Ba

Inna Mai Feshi ta shekara goma sha ɗaya tana goya tankin maganin sauro, har kafaɗarta ta dama ta karkace. Mu matan gidan haya mukan tsokane ta, mu ce goyon nan nata ya ƙi yaye. Ba ta dariya. Tun da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke mata 'ya da cikin wata bakwai ta shiga aikin nan, magana ta yi mata wuya.

Aikinta a tsare yake: a fitar da kaya tsakar gida, ta fesa bango daga sama har ƙasa, a rufe ɗaki awa biyu, ta zana alli a ƙofa. Ɗaki takwas ne a gidanmu, bakwai ke da alli. Na takwas na Tela ne, wanda matarsa ta rasu bara da tsohon ciki. Ranar da aka kai ta makwanci ya danna kwaɗo, ya koma kwana a shago. Ɗakin da ke manne da shi na Auta ne, ƙanwar marigayiyar, ita ma yanzu cikinta wata shida. Bango ɗaya ya raba su, kuma bangon bai kai rufi ba.

Bana da Inna ta zo, sai ta tsaya a rufaffiyar ƙofar da rana tsaka, ta kara kunne. Mun daɗe muna jin wani siririn kuka a ciki, kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Ta aika aka kira Tela. Ta ce, "Buɗe."

"Inna, ki bar mata ɗakinta. Yadda ta bar shi nake so ya zauna."

"Ita ta tafi, ɗana. Waɗanda suka gaje ɗakin ta saman bangon nan suke bi su sami Auta. Buɗe, ko in zauna nan har ka gaji."

Ya buɗe. Wani sanyi mai warin laima ya buso mu. Takalman marigayiyar suna nan a gefen gado, a jere, kamar yanzu za ta zura ƙafa. Bahon da ta tara wa yoyo ya cika da baƙin ruwa. Bangon da na sani fari ya koma toka-toka, sai da Inna ta matsa kusa na ga tokar tana motsi. Sauro ne, sun yi luf, babu wurin sa yatsa. 

Muka shiga fitar da kaya. Wajen ɗaga akwati murfin ya buɗe. Kayan jariri ne a ninke, a samansu gidan sauro sabo fil, irin wanda asibiti ke ba masu ciki, ko ledarsa ba a yage ba.

Tela ya ɗauki gidan sauron. "Cewa ta yi sai ta haihu, kada ya yi datti kafin jaririn ya zo."

Inna ta sauke tankin a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi a tsakiyar aiki ba. Ta wuce wurin Auta, wadda ke zaune kan tabarma cikin rana, ta ƙudundune da zani biyu.

"Ke, ina naki gidan sauron?"

"Yana akwati, Inna. Na ajiye wa..." 

Inna ta ɗora hannu a goshinta. Rana na dukanmu, zufa na keto mana, amma haƙoran Auta kaɗawa suke yi.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Gajiya ce kawai, zai wuce."

Tela na tsaye a bayanmu, ledar a ƙirjinsa. A hankali ya ce, "Haka yayarta ta ce min ranar Talata. Juma'a muka kai ta."

Inna ta juyo ta daka masa tsawa, muryar da ba mu san tana da ita ba. "To tsayuwar me kake yi? Nemo mota!"

Ya fita da gudu, ko takalmi babu.