Gambar Iyaka

Tsawa ta kashe mini shanun huɗa biyu ina riƙe da garma a bayansu. Ko tsufa ya sa na manta sunana, wannan ranar ba za ta fita daga kaina ba.

Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a wani ƙauye kusa da Jahun. A wajenmu gamba ce iyakar gona. Inda aka dasa ta, nan gonar mutum ta tsaya. Yayana ya rasu ya bar mata da 'ya'ya uku, gonarsa tana jikin tawa. Da ruwan fari ya sauka, na tumɓuke gambar na matsar da ita taku huɗu cikin gonarsu. Matar ta gani.

Ta ce, "Ƙanina, gambar nan ƙafa ta yi?"

Na ce idonta ne.

Ranar huɗa da hantsi, hadari ɗan kaɗan ne a gabas, ko yayyafi babu. Na gama tawa gonar lafiya. Shanun na taka wurin da na ci, sai wani farin haske ya rufe ni. Ban ji ƙara ba. Na farka baki cike da ƙasa, ga warin ƙonannen gashi. Shanun suna kwance, karkiya a wuyansu. Ni da ke riƙe da ƙarfe, ko ƙuna babu a hannuna.

Mutane suka taru. Innata ba ta yi kuka ba. Ta dubi shanun, ta dubi gambar, ta ce, "Ɗan nan, Ubangiji ba ya dukan banza. Me ka yi?"

Fastonmu ya ce, "Inna, a yi hankali. Ba kowace masifa ce horo ba."

Na ce, "Baba Fasto, wannan horo ne. Dubi inda suka faɗi."

Ranar Lahadi na miƙe a majami'a na faɗi abin da na yi. Washegari na mayar da gambar, na ƙara musu taku ɗaya daga tawa. Matar yayana ta ce, "A'a. Inda yayanka ya dasa ta. Ba na son naka."

Ban sake mallakar shanu ba. Kunnena na hagu bai sake ji ba. Na koyi cewa gonar marayu tana da Mai tsaro, kuma ya iya auna duka: ya ɗauki shanun, ya bar mini hannun mayar da gamba. Yanzu gadi nake yi a Dutse. In hadari ya taso, hula nake cirewa kamar mai shiga majami'a.