Kar Ka Kunna Radar, Yaya

Ni mutum ne mai surutu. Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a rumfata a kasuwar Assigamé ya sani, kafin in gama auna masa yadi shida na ba shi tarihin kakanmu da fataucin goro ya kawo Lome. Ƙanena kuwa, wanda na girme da shekara tara, Allah ya yi shi shiru-shiru. Ya yi makarantar Faransanci har ya gama sakandare, burinsa ɗaya a duniya ya tuƙa jirgin sama. Aka gwada idonsa aka ce bai isa ba. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya buɗe shagon gyaran kwamfuta, ya dinga zuwa unguwar Adakpamé yana tsintar tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa daga tashar jiragen ruwa, har ya haɗa guda biyu masu ƙarfi, ya sa musu wasan jirgin yaƙi.

Da farko dariya na yi masa, na ce ƙato da gemu ya koma wasan yara. Wata Lahadi bayan la'asar ya ajiye kwamfuta ɗaya a zauren gidanmu na Zango, ɗaya a ɗakinsa, ya ɗora mini abin saurare a kunne, ya nuna mini maɓallin da zan danna in zan yi magana. Shi ne jagora, ni ina bin bayansa a nawa jirgin. Daga ranar ban sake yi masa dariya ba.

Tashi da sauka na koya cikin wata biyu. Abin da ya gagare ni shi ne shiru. A jirgin akwai radar, na'urar da ke harba sigina ta dawo ta nuna maka abin da ke gabanka. Ni ina ganin ai ido ce, wa zai rufe idonsa a fagen yaƙi? Shi kuma kafin mu shiga ƙasar abokan gaba sai ya ce in kashe ta, in kashe na'urar da ke sanar da sunan jirgina, in kuma ja bakina.

"Yaya, radar kamar tocila take a duhu," ya ce mini. "Kai kana ganin taki goma a gabanka, abokin gaba kuwa tun daga bakin titi ya hango ka. Silence radio, ba magana. In kana so ka san ina nan, danna maɓalli sau biyu, kar ka ce komai. Ni ma zan danna sau biyu."

Sai dai ni ba na iya jurewa. Mu yi minti goma cikin gajimare ban gan shi ba, ban ji shi ba, sai zuciyata ta fara raya mini an harbo shi. In kunna radar in leƙa. Nan take kunnena ya cika da ƙarar gargaɗi, makamai su taso daga ƙasa, kuma sau da yawa shi suke samu, don shi ne a gaba. Sai ya fito daga ɗaki ya tsaya a ƙofar zaure yana girgiza kai.

"Ka sake kashe ni, Yaya. Wa ya ce maka na ɓata?"

"To ai ban ji ka ba!"

"Rashin ji na shi ne alamar komai lafiya. Mais toi, kai kam sai ka leƙa."

Mma, mahaifiyarmu, tana tsakar gida tana gyaran kuɓewa, ta ce Allah ya shirye mu duka.

Shekara uku muna wannan. Sai aikin shago ya ja baya, abokansa suka fara tafiya ƙetare neman kuɗi ɗaya bayan ɗaya ta hanyar hamada, shi ma ya ce zai tafi. Na yi faɗa, Mma ta yi kuka, bai fasa ba. Ranar da zai tafi na raka shi tasha a kan zemijan, acaɓarmu ta nan. Kafin ya shiga mota ya ja ni gefe. Ya ce yana da ƙaramar waya da zai ɓoye a jikinsa, domin ya ji akwai wuraren da in masu riƙe da hanya suka ji waya ta yi ƙara sai su karɓe, su kuma san mai ita yana da dangi a bayansa. Ya ce ba zai kunna ta ba sai in ya ga hali, na ɗan lokaci kaɗan.

"Zan yi maka bip sau biyu, wayarka ta yi ƙara in katse. In ka gani, ina nan. Kar ka kira ni, Yaya, don Allah. Ko Mma ta matsa maka."

Na ce na ji. Har na tsokane shi, na ce yanzu na zama gwani.

Bip ɗin farko ya zo bayan kwana biyu, ina cikin ciniki. Na biyu ya zo bayan kwana biyar. Kowane lokaci sai in hau zemijan in je in nuna wa Mma lambar a kan waya, ta shafa fuskar wayar ta yi addu'a. Na uku ya zo ranar wata Juma'a. Daga shi sai shiru.

Na riƙe kaina sati uku. Allah shaida ne na riƙe. Mma ta daina cin abincin kirki, in na dawo daga kasuwa ba ta tambaya, hannuna kawai take kallo. Ba zan ɗora mata laifi ba, domin ba ta taɓa cewa in kira ba. Ni ne. Wata safiya ina buɗe rumfa, tsohon ciwon nan nawa ya taso: an harbo shi, ya ɓata, bari in leƙa sau ɗaya kawai. Na ce wa kaina ai wayar a kashe take, ba abin da zai faru.

A kunne take. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, a na uku aka ɗauka. Na ji iska, na ji mutane daga nesa, sai muryar wani namiji da ban sani ba, cikin yaren da ban taɓa ji ba. Na kira sunan ƙanena. Aka kashe.

Ban sani ba ko wayar ta daɗe a hannun mutumin nan. Ban sani ba ko a daidai lokacin ƙanena ya kunna ta don ya yi mini bip, kirana ya shigo ya tona shi. Malamin unguwarmu ya ce abin da Allah ya rubuta ba kirana ne ya rubuta shi ba, na kuma yarda da shi. Amma ni na san sau nawa yaron nan ya tsaya a ƙofar zaure ya faɗa mini abu ɗaya. Ina jin kunyarsa, kuma ina kewarsa.

Mma ta rasu bayan shekara biyu ba ta san na kira ba. Lambata ban canza ta ba, ba kuma na barin caji ya ƙare. Kwamfutocin suna inda ya bar su. Ranar Lahadi bayan la'asar nakan kunna ta zaure, in tashi ni kaɗai, in kashe radar tun kafin in bar ƙasa. Yanzu ina iya yin awa guda ban ce uffan ba. In na shiga gajimare sai in danna maɓallin sau biyu, in jira.