Ƙafar Baba Tela

Baba Tela mutum ne da ba ya cewa wayyo. Ko allurar keke ta huda masa yatsa, sai dai ya tsotse jinin ya ci gaba da taka feda. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin layi, keke ɗaya, benci ɗaya, ƙyallaye ko'ina. Da ƙafar damar nan ya ciyar da gida, ya sa yara makaranta, ya aurar. Sai ciwon suga ya zo ya tare a jikinsa, kuma duk gaɓoɓin nan bai ga ta kamawa ba sai ita.

Sa'arsa ɗaya, akwai ƙaramin asibiti a bayan shagon, ɗaki biyu da baranda, da ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista. Ta san halinsa sarai. In ta ce, "Baba, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi," sai ta ce, "Na ji. Cire takalmin." Ta duba tsakanin yatsu, ta wanke, ta ɗaure, ta yi masa faɗan shayi mai suga kamar ita ta haife shi. Yakan ce da matarsa, "Yarinyar nan ta fi ki masifa." Ita kuwa ta ce ai gara da aka sami mai iya masa.

Kwatsam aka yi wa Sista canjin wurin aiki. Aka ce wata ma'aikaciyar na tafe. Har yau tana tafe. Kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofar. Daga nan mai tari, mai zazzaɓi, mai son awon jini, kowa sai ɗakin gaggawa na babban asibiti, don can ne kaɗai ba a rufewa.

Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafar nan ta dama, bai ma ji ba, sai da matar ta ga jini a safa. Ya ce ɗan wannan zai kai ɗakin gaggawa, a yi masa dariya? Ya naɗe da ƙyalle ya koma kan keke. Da wurin ya fara wari ta sa masa kuka, sannan ya yarda.

Suka tarar da jama'a maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa, wani riƙe da ledar ƙarin ruwansa a tsaye. Ma'aikaciyar da ke tantance marasa lafiya ta iso kansa a gajiye, ga waɗanda suka yi haɗarin mota ana shigowa da su. Ta ga dattijo tsaf, da hula, da takalmi sau-ciki da ya sa don kunyar warin.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata."

Ba laifinta ba ne, wallahi. Ina ta san shi? Ta nuna masa bencin masu iya jira, ta wuce.

"Malam, ka faɗa mata gaskiya mana," in ji matar.

"Ke ba kya ganin masu jini?"

Tun safe suke nan har rana ta yi sanyi. Da ya ga wata mai goyo a tsaye, ya tashi ya ba ta wurinsa, ya ce da matar su tafi, su bar wa masu ciwon gaske layi. Ta bi shi tana share hawaye, don ta san ba ta taɓa cin gardama da shi ba.

Zuwa na biyu ɗauko shi aka yi ranga-ranga, jiki kamar garwashi. Wannan karon babu layi. Likita ya buɗe ƙafar, ya duba. Sannan ya ce da matar, "Mama, da ana wanke shi tun farko, aikin auduga da magani ne." Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon inda zanen gadon ya kwanta. Matar ta zaci yau dai zai yi kuka, ta matso. Sai ya ce, "Akwai yadukan mutane a shago. Kowa a mayar masa da nasa, a ce ya yi haƙuri."