Gangarar Zermu da Farar Mota

Har yau in na lumshe ido ina ganin ranar da saura ƙiris in bi ta kan wata tsohuwa da jakinta a hanyar Zermu. Ku sababbin shoferori da kuka tarar da mota mai canja bitas, wato giya, da kanta a kowane gareji, ku saurara, don mu a zamaninmu abar kallo ce.

Shekarun fari ne, damina biyu ba a cika rumbu ba. Ina shofer a sashen lafiya nan Damagaram, ina ji da kaina. Sai masu agaji suka kawo mana wata doguwar farar mota, ba ta da fedar da ake takawa kafin a canja bitas, sandarta kuma a jikin sitiyari take, da haruffa a jere. Baba Ari, shugaban garejinmu, Babarbare mai ƙarancin magana, ya miƙo mini makulli ya ce, "Lawali, sa ta a D ka ƙyale ta. Ta fi ka sanin aikinta." Na ce to, amma a raina na ce tsoho ya fara rikicewa.

Sai na bayyana muku al'adarmu ta lokacin. Isansi, wato man fetur, auna mana shi ake yi kafin mu fita. Don haka duk shofer da ya isa, da ya hango gangara sai ya cire bitas ya saki mota ta sulala. Wanda ya dawo da ragowa mai yawa shi ne gwani a wurin shan shayi. Ita kuwa farar motar nan, in na ɗaga ƙafa a gangara sai in ji tana ja da baya, inji na gurnani, kamar wani ya riƙo ta. Abin yana ƙona mini rai, gani nake isansina take sha a banza.

Wata Talata cikin bazara aka tura ni Zermu da buhunan garin madara da magunguna, tare da Madam Saratu, ma'aikaciyar jinya. Mota ta yi nauyi ƙwarai. Muka bar gari, ƙasa fara fat, gonaki ko kara babu, manyan duwatsu na durƙushe kamar raƙuma. Madam tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa har gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Muka hau wani tudu, doguwar gangara ta shimfiɗe a gabana. Can ƙasa kawalwalniya ta kwanta tana ƙyalli, ka rantse tabki ne. Na tura sanda zuwa N, inda inji ke rabuwa da ƙafafun mota. Gurnani ya ɗauke. Mota ta yi shiru ta fara sulalawa, hankalina ma ya bi ta. Na ga gonar mahaifina a Damagaram Takaya, gero ya fitar da kai yana kaɗawa. Na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, wallahi har kukan kwaɗi na ji. A cikin tabkin nan wasu baƙaƙen abubuwa suna rawa, na ce a raina, shanu ne suka zo sha.

"Malam Lawali! Mutane ne!" Muryar Madam ce ta dawo da ni.

Mutane ne kuwa, iyali guda da yunwa ta taso daga ƙauye, sun nufi birni. Na gaba sun watse gefe, saura wata tsohuwa a tsakiyar hanya tana jan jaki. Na taka birki da ƙarfi, ƙafafun mota suka ƙame, ta fara zamewa kan tsakuwa, bayanta na neman juyowa. Na saki, na sake takawa, ba ta ko ji ba. Ban san lokacin da hannuna ya mai da sanda D ba, ya sake jawo ta zuwa 2. Inji ya yi wata irin ƙara, motar ta dogare, wannan riƙon da na tsana ya dawo. Na bi ta da birki a hankali har muka tsaya. Tsakaninmu da jakin bai wuce taku biyar ba.

Tsohuwar ba ta gudu ba, ba ta da ƙarfin gudu. Ta dafa turmin da ke ɗaure a bayan jakin, ta dube ni ta ce, "Sannunku da hanya, ɗana. Inda kuka fito, an yi ruwa?"

Madam ce ta sauka da goran ruwa ta ce, "Tukuna, Inna, muna dai sa rai."

Da muka dawo ban ɓoye wa Baba Ari komai ba. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini zafi. Ya ce, "In ka ɗaga ƙafa, ka toshe wa inji hanci ke nan, yana son shaƙar iska babu hanya. To a gangara ƙafafun mota ne ke juya shi, ta cikin man da ke akwatin bitas, shi kuma yana turjewa. Turjiyar nan kake ji. Ka taɓa ganin jaki mai kaya ya ruga a gangara?" Na ce a'a. Ya ce, "To, shi ma ya fi ka hankali."

Daga ranar ban sake cire bitas a gangara ba, kowace irin mota ce. Abokai suka yi ta yi mini ba'a cewa Lawali ya zama mai ɓarnar isansi, na bar su. Abin da na koya a wannan sana'a shi ne, ba duk abin da ya riƙe ka ne yake cutarka ba, kuma hanya ba ta shofer kaɗai ba ce. Isansin da na so in yi tsiminsa ran nan ba zai cika kwanon sha ba. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, tsohuwar nan nake tunawa, in ce da ma tana nan in amsa mata cewa an yi ruwa.